Jiniyar Baba Sada

Wani na kiwon tattabaru,
wani na tara tsoffin kwabbai a gwangwanin madara.
Baba Sada jiniya yake kiwo.

Wurin 'yan gwangwan ya tsince ta, bayan Ƙofar Guga,
kwance tsakanin kan injin ban-ruwa da murfin firji.
Aka ɗora ta a sikeli kamar kowane ƙarfe,
ya biya kuɗin kilo, ya ɗaure ta a bayan keke.
Wata uku yana kankare mata tsatsa
da kananzir da tsohon buroshin haƙori.
Inna Dije ta riƙe haɓa:
"Mutum da hankalinsa
ya sayi kuka da kuɗinsa!"

Asabar ɗin farkon wata ce ranarta.
Tun Alhamis yake bin ƙofa-ƙofa:
"Jibi in kun ji, ni ne.
Ba gobara ba ce, ba ambaliya ba,
ba kuma waɗancan ba ne."
Ba ya kiran sunan waɗancan.
Wanda ke da dangi a ƙauye ba ya bukatar fassara.
Mai'unguwa Iro ya ba shi minti ɗaya, ba ƙari.
Liman ya ce kada ta haɗa baki da ladan.

Ni ce kunnensa.
Nakan ɗauki littafi da biro
in tafi inda ya yi mini alama:
bakin rijiya, bayan makaranta,
kowane wata sai na ƙara nisa.
Shi kuma yana saman soro, ya naɗe hannun riga,
ido kan agogo, hannu kan mariƙi.

Takan fara can ƙasa-ƙasa
kamar saniyar da ta tuna maraƙinta,
sai ta miƙe, ta hau, ta hau,
ta tsallake katangu da igiyoyin shanya,
balbelu su fashe daga kan darbejiya,
sannan ta sauko a hankali, a hankali,
kamar tsohuwa a kan tsani.

In rubuta:
Ƙarfe biyar daidai. Iska daga gabas.
Na ji sarai. Karnuka uku sun amsa.
Mai awara ba ta ko ɗago kai ba.

Shekara talatin a ɗakin injin niƙa
sun cinye masa kunnuwa, sun bar masa gari a gira.
Na taɓa rubuta masa a ƙasa da tsinke:
To kai a ina kake jin ta?
Ya nuna tafin hannu. Ya nuna haƙora.
Ya daɗe da yatsa a kan ƙirjinsa.

Watan jiya ya tura ni gindin ɗorawa a hanyar Kaita.
Biyar ta yi. Ta gota.
Ba abin da na ji sai kukan kurciya
da wani babur mai fasasshen salansa.
Na riƙe biro, ina tuna gumin da ke bin wuyansa,
har na fara rubuta "Na ji",
na soke.
Na rubuta: Ba ta iso ba.

Na zaci zai ɓata rai.
Sai ya juya bayan kalanda inda ya zana unguwarmu,
ya ja layi da jan biro daidai ɗorawar.
"Yau ne kika yi aiki, Zulai.
Nan ne iyakar muryarta.
Na bayan layin nan, in dare ya ɓaci,
ba su da mai tashinsu."
Ya ƙirga gidajen da ke can da yatsa.
Goma sha ɗaya, har da rugar Ja'e.

Da magariba ya ɗiga mata baƙin mai,
ya lulluɓe ta da buhun taki,
ya ɗora dutse a kai saboda iska.
Na ji yana magana da ƙarfi,
irin na wanda ba ya jin kansa:
"Duk wata ƙarya kike yi, 'yar nan,
kina ihu ba abin da ya faru.
Allah ya sa ki tsufa a haka.
Allah kada ya kawo ranar da za ki faɗi gaskiya."

Daga madafa Inna Dije ta ce amin,
ita da ta ce ba ruwanta.